Fim ɗin da 'Yan Wasansa Suka Gudu

A shekarar 2000 wata 'yar ƙasar Zimbabuwe mai suna Sue Maluwa-Bruce ta fitar da wani gajeren fim na minti 30 wanda ta ɗauka a yankin Mutare, can gabashin ƙasar, inda duwatsu suka raba Zimbabuwe da Mozambik. Ta tsara labarinta, ta samu abokan aiki biyu daga Jamus, Beate Kunath da Yvonne Zückmantel, ta kuma samu waɗanda suka amsa za su fito a ciki. Da aka zo kan aiki sai 'yan wasan suka zame jiki. Ba a kan kuɗi aka ɓata ba, ba kuma wani ne ya yi musu tayin da ya fi nata tsoka ba. Tsoro ne ya kore su. Labarin na wasu mata biyu ne 'yan ƙauye ɗaya, maƙwabtan juna, ɗaya matar aure ɗaya ba ta da miji, waɗanda soyayya ta shiga tsakaninsu. Duk macen da ta yarda aka ga fuskarta a matsayin ɗayarsu ta san cewa ranar da aka naɗe kayan aiki, Jamusawa jirgi za su hau, ita kuwa motar haya za ta shiga ta koma cikin danginta da mutanen cocinsu.

Maluwa-Bruce ba ta fasa ba. Amma kafin a zo kan dabarar da ta yi, sai an san inda tsoron ya samo asali, domin ba daga sama ya faɗo ba.

A shekarun 1990 babu wani bajekolin littattafai a Afirka kudu da Sahara da ya kai na Harare armashi. Kowace shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, marubuta da masu buga littattafai daga ko'ina sukan kafa rumfuna a lambun shaƙatawa da ke tsakiyar birnin. A 1995 taken taron shi ne haƙƙin ɗan Adam da adalci. Wata ƙaramar ƙungiya mai suna GALZ, ta 'yan luwaɗi da 'yan maɗigon ƙasar, ita ma ta nemi rumfa, aka kuma ba ta. An kafa ta a 1990, kuma a wancan lokaci yawancin 'ya'yanta fararen fata ne 'yan birni masu ɗan abin hannu. Mutumin ƙauye bai taɓa jin ko sunanta ba. Abin da ta yi niyyar bazawa a kan teburinta 'yan takardu ne na ba da shawara. Ana saura kwanaki a buɗe taro sai ga wasiƙa daga ma'aikatar watsa labarai cewa gwamnati ba ta yarda ba. Masu shirya taron suka karɓe rumfar, ba don ransu ya so ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ba a yi mako ba an manta da shi. To amma Shugaba Robert Mugabe ne zai buɗe taron ranar 1 ga Agusta, kuma da shirinsa ya zo. A taron da Wole Soyinka da Nadine Gordimer, masu lambar Nobel, suke cikin baƙinsa, ya yi wa ƙungiyar kaca-kaca, ya ce shi bai ga wani haƙƙi da irin waɗannan mutane suke da shi ba. Bayan kwana goma, ranar tunawa da mazan jiya da suka faɗi a yaƙin neman 'yanci, ya ƙara wa wutar fetur: ya ce sun fi karnuka da aladu lalacewa, ya kuma ce wa jama'a duk wanda ya gan su ya damƙa su hannun 'yan sanda. 'Yan majalisar dokokin Amurka 70 suka rubuto masa takardar ƙorafi, ya ba su amsa da cewa su riƙe ƙazantarsu a can ƙasarsu. Manyan coci da dama da matan jam'iyyarsa ta ZANU-PF suka tafa masa.

Mugabe ɗan Katolika ne, ya tashi a hannun limaman mishan na Kutama, kuma ba na shakkar cewa ƙyamar da ya nuna har cikin zuciyarsa take. Sai dai ɗan siyasa ne na ƙin ƙarawa. Tun 1991 ƙasar ke shan ɗacin shirin tsuke bakin aljihu na masu ba da bashi, farin 1992 ya ƙone amfanin gona, ma'aikata na ƙunƙuni, ga zaɓen shugaban ƙasa na tafe a watan Maris na 1996. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya samu abokin gaban da kowa zai taya shi ƙi kuma ba shi da ƙuri'a, ba ya bari ya wuce.

Abin da bai lissafa ba shi ne tallar da ya yi musu kyauta. Rediyo ya kai maganar har ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Samari da 'yan mata baƙar fata, waɗanda kowannensu yake zaton shi kaɗai ne a duniya, suka ji daga bakin shugaban ƙasa cewa akwai ƙungiya a Harare, suka fara neman ofishinta. Cikin 'yan shekaru GALZ ta sauya launi. Amma kunnen da ya ji don ya nemi mafaka, akwai dubunsa da ya ji don ya sa ido. Abin da a da ake gani a kau da kai, yanzu ya zama abin da shugaban ƙasa ya ce a kai rahotonsa.

A 1996 GALZ ta sake neman rumfa. Gwamnati ta sa hukumar tace littattafai da fina-finai ta hana, da ƙarfin wata doka ta 1967 da aka gada daga gwamnatin fararen fata ta Rodeshiya, wadda Mugabe ya yaƙa a daji. Ƙungiyar ta garzaya babbar kotu, kotu ta soke hanin. Nasarar ba ta wuce kan takarda ba. Gungun mutane, da yawa daga cikinsu ɗaliban jami'a, suka yi wa wurin ƙawanya, daga ƙarshe suka hargitsa rumfar.

Cikin waɗanda suka tsaya a bayan teburin nan akwai wata mata da duniya ta sani da sunan aro, Tsitsi Tiripano. Ita ba 'yar boko ba ce mai fasfo a jaka. Tana da shekara 15 aka aurar da ita ga wani dattijo da ya girme ta da kusan shekara 40, ta shiga a ta biyu, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, daga baya ta fice daga gidan. Ranar bajekolin 'yan jarida suka ɗauke ta hoto, hoton ya fito. Kafin ta koma Marondera, garin da take zaune, labari ya riga ta isa. Ta tarar da tsangwama da barazana daga mutanen da ta saba gaisawa da su, ta nemi hukuma ta kare ta, aka juya mata baya. Marondera tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Harare ta nufi Mutare. 'Yan wasan Maluwa-Bruce ba su buƙaci a zaunar da su a yi musu bayani ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Su kansu masu shirya fim sun ga aya a wannan shekara ta 1996. Ba wai fina-finan Zimbabuwe na tsoron matsalolin mata ba ne. Neria, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 da waƙoƙin Oliver Mtukudzi, labarin bazawara ce da ɗan'uwan mijinta ya wawushe mata gado, kuma mutane sun yi tururuwar kallonsa. Tsitsi Dangarembga ta yi Everyone's Child a 1996 a kan marayun ƙanjamau. Amma da Ingrid Sinclair ta yi Flame, labarin 'yan mata biyu 'yan ƙauye da suka shiga yaƙin neman 'yanci, ta nuna wani kwamanda ya yi wa ɗayarsu fyaɗe a sansani, sai tsofaffin mayaƙa suka tayar da jijiyar wuya. 'Yan sanda suka kwashe fim ɗin tun ana cikin haɗa shi, bisa zargin batsa da zagon ƙasa. An dawo da shi daga baya, har ya je bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Darasin dai ya shiga: kana iya nuna mace tana shan wahala, muddin ba ka taɓa inda ke yi wa manya ƙaiƙayi ba.

Sai kuma ga abin da ba wanda ya zata. A farkon 1997 ana shari'ar wani ɗan sanda da ya harbe abokin aikinsa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce mamacin ya yi masa gori ne, ya kira shi matar Banana. Canaan Banana shi ne shugaban Zimbabuwe na farko, daga 1980 zuwa 1987, limamin cocin Methodist, lokacin Mugabe na firayim minista. Ɗan sandan, wanda ya taɓa zama dogarinsa, ya shaida wa kotu cewa Banana ya shafe shekaru yana tilasta masa. Wasu mazan suka fito da irin nasu labarin, aka kuma gano cewa ƙorafin ya daɗe da isa kunnen manya suka danne. A ƙarshen 1998 kotu ta same shi da laifuka 11. Tun kafin hukuncin ya riga ya tsallake zuwa Botswana da Afirka ta Kudu, daga baya ya dawo, aka yanke masa shekara goma aka jingine tara. Abin da Banana ya yi zalunci ne na mai iko a kan na ƙasa da shi, ba ruwansa da soyayya. Amma a bakin jama'a duk kanwar ja ce, kuma shekara biyu ƙasar ta yi tana karanta bayanan shari'ar a jarida. A cikin wannan iska Maluwa-Bruce ta ce za ta yi fim ɗin soyayyar mata biyu a ƙauye.

Wani abin mamaki shi ne, duk wannan hayaniya, dokar Zimbabuwe ba ta ce uffan a kan mata ba. Laifin luwaɗi da ƙasar ta gada daga dokokin Turawa na namiji da namiji ne. Ƙauye kuwa bai taɓa jiran alƙali ba a irin wannan magana, yana da nasa hanyoyin, kuma su ne ainihin abin da fim ɗin ya tono.

A al'adar mutanen Shona, dangin miji ke biyan dukiyar aure da suke kira roora, shanu da kuɗi, har da wata saniya ta musamman da ake ware wa uwar amarya. Ba a cika biya a tashi ɗaya ba, bashin yakan bi mutum shekara da shekaru. Sau da yawa shanun da aka karɓa a kan 'ya mace, da su ɗan'uwanta namiji yake auro tasa matar. Amarya takan tare a gidan iyayen miji, a ƙarƙashin idon uwar miji. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce itace, ita ce gona, ita ce tuƙa sadza, tuwon masarar da ake ci dare da rana. 'Ya'yan da ta haifa na dangin uba ne. In rigima ta taso, gwaggo ake kira, 'yar'uwar uba, wadda aikinta ne ta yi wa yarinya faɗa ta mayar da ita ɗakinta. Ranar da mace ta ce ta gaji za ta tafi, ba aurenta kaɗai ta girgiza ba. Ana iya cewa a dawo da shanu, shanun kuwa sun daɗe da komawa garken surukan yayanta. Ga 'ya'ya da za ta bari a baya. Ga gonar da ba da sunanta take ba.

Kada a ce ai wannan zamanin da ne. Tun 1982 doka ta ce mace mai shekara 18 ta mallaki kanta, amma a 1999, shekara guda kafin fim ɗin ya fito, kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Magaya. Wata tela ce, babbar 'ya a wurin mahaifinta, ƙaninta da suke 'yan uba ya fitar da ita daga gidan da uban ya bari. Alƙalai biyar, baki ɗaya, suka ce a dokar gargajiya namiji ke gado. Matar ƙauyen da kotun ƙoli ta gaya wa haka a kan gidan ubanta, ina za ta dosa in ta bar gidan miji?

To in mace ta juya wa mijinta baya, ko aka kama ta da wata, me dangi za su ce wa duniya? Ba za su ce son ranta ba ne, domin faɗin haka zubar da mutuncin gida ne gaba ɗaya, kuma yana nufin a yanke ta daga dangi. Sai a ce ba yin kanta ba ne. A tafi wurin n'anga, bokan da ke duba da magani, ya bincika: ko ran wani da aka zalunta ne ya dawo neman fansa, wanda suke kira ngozi, ko wani baƙon iska ne ya hau ta, ko sammu ne, ko kakanni ne suka yi fushi don an bar wata al'ada. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin mu ma in amarya ta ƙi ɗakin miji ba gaira ba dalili, kafin a tambaye ta me ke damunta an riga an ce aljani ne ya aure ta, an aika a kira mai ruƙiyya.

Wani masanin tarihi ɗan Kanada, Marc Epprecht, wanda ya koyar a Jami'ar Zimbabuwe a daidai waɗannan shekaru, ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa Hungochani na 2004. Ya tono ɗaruruwan shari'o'in luwaɗi daga kotunan farkon mulkin mallaka, tun daga shekarun 1890, mafi yawansu tsakanin 'yan ƙasa ne, a lokacin da Bature bai gama kafa tantinsa ba balle ya koya wa wani ɗabi'a. Ya kuma nuna cewa mutanen zamanin da suna da hanyoyin rufa wa irin wannan asiri. Muddin an yi aure an haihu, ba a cika bin ƙwaƙƙwafi ba. Namijin da ya kasa kusantar matarsa, akan shirya a ɓoye wani ɗan'uwansa ya samar masa magaji. Macen da aka yarda iskan namiji ne a kanta, wani lokaci akan ƙyale ta ba aure, har ta zama mai duba da ake girmamawa.

A ganina wannan rufin asiri fuska biyu gare shi, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai yi adalci ba. Akwai tausayi a cikinsa: an ɗauke laifi daga kan yarinya an ɗora wa iska, ba a kore ta ba, ba a kai ta gaban hukuma ba, tana nan 'yar gida. Akwai kuma mugunta: daga ranar da aka ce iska ne, maganarta ta daina zama magana. Duk abin da ta faɗa, iskan ne ke faɗa. Magani kuwa ɗaya ne, a yi mata wanka da turare da yanka, a mayar da ita shimfiɗar mijin da take gudu, in babu miji a nemo mata cikin gaggawa. Jawabin Mugabe ya kashe fuskar farko, ya bar ta biyun da ranta. Hukuncin addini a kan maɗigo sananne ne ga mai karatu, Musulmi ne ko Kirista, kuma ba shi ake tuhuma a nan ba. Abin dubawa shi ne wanda ya biya kuɗin wannan siyasa. Ba ɗan birnin da ke da lauya da abokai a ofisoshin jakadanci ba ne. Matar ƙauye ce, wadda ba ta da ko kuɗin mota.

Labarin da Maluwa-Bruce ta tsara, ta sa masa suna Forbidden Fruit, a kan wannan turba yake tafiya sak. Nongoma ba ta da aure. Maƙwabciyarta Tsitsi matar aure ce. Suka shaƙu a ɓoye, har ranar da asiri ya tonu. Nongoma, da yake ba igiyar kowa a wuyanta, ta tsere birni. Tsitsi ba ta da wannan dama. Dangi suka taru suka yanke cewa mugun iska ne ya shige ta, aka shiga neman raba ta da shi. Bayan shekara biyu matan suka sake haɗuwa.

Ke nan labarin bai ƙare da gawa ba, bai ƙare da hauka ko kukan nadama ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu tace fina-finai a nahiyar nan sun fi damuwa da ƙarshen labari fiye da tsakiyarsa. Shekara 18 bayan haka, a Kenya, hukumar tace fina-finai ta haramta Rafiki na Wanuri Kahiu, labarin 'yan mata biyu a Nairobi, kuma Kahiu ta bayyana cewa abin da aka nema daga gare ta shi ne ta sauya ƙarshen, domin ya cika sa rai, babu nadama a cikinsa. Ta ƙi. Sai da wata alƙaliya ta ɗage haramcin na kwana bakwai a watan Satumba na 2018 kafin 'yan Kenya suka gan shi a gidajen sinima, suka kuwa cika su maƙil. Kahiu dai ta samu 'yan wasa biyu da suka tsaya da fuskokinsu. Maluwa-Bruce ko wannan ba ta samu ba.

Abin da ta yi shi ne ta koma gida. Ta roƙi 'yan'uwanta da abokanta su cike gurbin da za su iya cikewa, nauyin labarin kuwa ta ɗora shi a kan bakinta. Ita ke ba da shi, kyamara na bin ƙauye da harkokinsa na yau da kullum. Fim ɗin ya fito wani iri, rabi wasan kwaikwayo rabi labarin gaskiya. Wanda ya saba da fim mai jarumai da kuka da kiɗa zai ce ai wannan ba fim ba ne, zance ne aka ɗauka. Ta wata fuskar yana da gaskiya, domin rashi ne ya haifi salon, ba gwaninta ba. Amma rashin ya faɗi abin da ƙwararrun 'yan wasa ba za su iya faɗa ba. Mai kallo yana jin labarin mata biyu da ba su isa su bayyana a ƙauyensu ba, a cikin fim ɗin da aka rasa matan da za su bayyana a madadinsu ko da wasa. Ba sai an kawo masani ya yi sharhi a kan girman haramcin ba. Kuma salon ba baƙo ba ne a wurin Shona, waɗanda suke da ngano, tatsuniyoyin da tsofaffin mata ke yi wa jikoki da dare, inda muryar mace ɗaya ke ɗauke da kowa da kowa na cikin labari.

Akwai kuma jarumtar da ba a cika ambata ba, ta dangin nata. 'Yan wasa sana'arsu ce su zama wasu, kowa ya san wasa ne, duk da haka suka ji tsoro. 'Yan'uwan mai fim ba su da wannan garkuwa. Sunan gidansu ne a jiki, kuma Mutare ba inda mutum zai ɓace ba ne. Lardin Manicaland cibiya ce ta cocin masu fararen riguna, mabiya Johane Marange, inda auren mata da yawa da aurar da 'yan mata da wuri suka yi ƙarfi. Ga shi kuma shekarar 2000 ba ta zaman lafiya ba ce: a Fabrairu Mugabe ya sha kaye a ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, aka fara mamaye gonakin fararen fata, a Yuni sabuwar jam'iyyar adawa ta MDC ta kwashe kujeru 57 cikin 120 da aka yi takara a kansu. Ƙauyuka suka cika da 'yan bangar siyasa masu tambayar wane ne wane, wa kuma yake hulɗa da Turawa.

A Fabrairun 2001 aka nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Balin, babban birnin Jamus. A can akwai wata lambar yabo mai suna Teddy da ake bayarwa tun 1987 ga fina-finan da suka shafi wannan batu. A shekarar, lambar babban fim ta tafi ga Hedwig and the Angry Inch na Amurka, ta labarin gaskiya ta tafi ga Trembling Before G-d, wanda ya bi rayuwar Yahudawa masu tsananin riƙo da addini da suka samu kansu a wannan hali. Alƙalan gasar suka ware tasu lambar ta musamman suka miƙa wa ɗan fim ɗin minti 30 daga Mutare. Daga nan ya zaga bukukuwan fina-finai a Turai, wani kamfanin rarraba fina-finan mata da ke New York, Women Make Movies, ya sa shi cikin kundinsa, ya shiga ɗakunan karatu na jami'o'in Amurka.

Tafin Balin bai zo wa kowa da sauƙi a gida ba. Babbar hujjar Mugabe tun 1995 ita ce wannan abu na Turawa ne, su suka kawo shi, su ke ɗaukar nauyinsa. Ga fim da aka yi da hannun Jamusawa, aka karrama a Jamus, aka adana a Amurka. Turawan ma ba su taimaka ba. A Oktoban 1999 wani ɗan fafutuka na Birtaniya, Peter Tatchell, ya tare motar Mugabe a Landan ya ce ya kama shi, abin da ya sa Mugabe ya riƙa kiran gwamnatin Tony Blair ta 'yan daban luwaɗi. A Maris na 2001, makonni kaɗan bayan lambar Teddy, Tatchell ya sake gwadawa a Brussels, dogaran Mugabe suka lakaɗa masa duka a gaban kyamara. Kowane irin wannan hoto riba ce ga shugaban, domin yana mayar da maganar ta zama tsakanin Baƙar fata mai kare ƙasarsa da Bature mai katsalandan. Nongoma da Tsitsi, da saniyar uwar amarya, da gwaggo, da boka, ba sa cikin wannan hoto ko kaɗan.

A Janairun 2001 aka saki Canaan Banana bayan 'yan watanni a gidan yari, ya mutu a 2003, gwamnati ta hana shi makwanci a maƙabartar mazan jiya. Tsitsi Tiripano, wadda ƙungiyar Amnesty ta sa cikin masu kare haƙƙin ɗan Adam da ta ɗaga sunansu a 1998, ta kuma zaga ƙasashe tana ba da labarinta da bakinta, ta rasu a cikin 2001, shekarar da fim ɗin ya karɓi lambarsa.

A 2006 sabon kundin dokokin laifuka ya fara aiki a Zimbabuwe. Sashe na 73 ya faɗaɗa laifin luwaɗi, ya haɗa da duk wata taɓayya tsakanin maza da mai hankali zai ɗauka rashin ɗa'a ce, da hukuncin tara ko ɗaurin da bai wuce shekara guda ba. Tsarin mulkin 2013, a sashe na 78, ya hana auren jinsi ɗaya ƙarara. Sojoji suka kawar da Mugabe a Nuwamban 2017, ya mutu a wani asibitin Singafo a Satumban 2019. Sashe na 73 yana nan yadda aka rubuta shi, kuma maza kaɗai ya ambata.